KAFIN ƘUNGIYA TA BIYA KUƊIN MANHAJA: RA'AYINA KAN WASANNIN KATI DA MATASANMU KE ƘIRƘIRA



A cikin buƙatun da ke gaban kwamitin ilimi akwai ta wasu ƙannenmu da suka duƙufa wajen ƙirƙirar wasannin kati da na kwali irin su lido, amma da harshen Hausa, domin yaranmu da aka haifa a nan Legas. Sun roƙi ƙungiya ta riƙa biya musu kuɗin wata na manhajar Adobe InDesign don su tsara katunan da littafin ƙa'idojin wasa. Wasu daga cikinmu sun ce a biya kawai. Wasu sun ce ina ruwan ƙungiya, ai ga CorelDRAW nan a kowane shago. Wasu kuma sun ce Canva ta waya ma ta wadatar. Kafin a zauna a yanke hukunci, ga nawa ra'ayin, kuma ra'ayina ne ni kaɗai, ba matsayar shugabanni ba.

A taƙaice: kada mu biya kuɗin wata a yanzu. Mu kuma hana yaran nan ɗora aikinsu a kan manhajar sata. Akwai hanya ta uku wadda ba ta cin ko sisi a kuɗin manhaja, kuma ta fi dacewa da irin aikin da suke yi. Kuɗin da za mu kashe a haya, mu kashe shi a bugun gwaji.

Da farko, shin aikin ma ya cancanci a tsaya a kansa? Na san akwai dattawan da da sun ji kalmar kati sai ransu ya tafi ga karta da caca, kuma ba su yi laifi ba, domin an ga gidajen da caca ta rusa. Amma kati takarda ce kawai, abin da aka rubuta a kanta da yadda aka yi amfani da ita shi ne abin dubawa. Abin da yaran nan ke yi wasa ne na haɗa karin magana da ƙarshenta, da haɗa sunan gari da jiharsa, da koyon ƙirga da Hausa. Ba kuɗi a ciki, ba ci ba a ci. Duk wanda ke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ya san gidajen da uba ke yi wa ɗansa magana da Hausa yana mayar masa da Turancin buroka ko Yarbanci. Idan akwai abin da zai zaunar da yaro rabin awa yana karanta Hausa da son ransa, wannan abu ya cancanci kulawar ƙungiya.

Kuma sana'a ce da ake ci da ita. Katin Whot da kowa ya sani a ƙasar nan, a Ingila aka ƙirƙire shi tun 1935, mu kuwa sai saye muke yi. A Abuja akwai kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu, wanda ke ƙirƙira yana kuma buga wasannin tebur a cikin gida, har ya ci lambar yabo ta Diana Jones a 2021, lambar da masu wannan fage a duniya ke girmamawa. Mu da muka gaji dara, mai ramuka 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ba baƙi ba ne a wasan dabara. Abin da ya rage mana shi ne mu iya sa namu a kwali mu kai kasuwa.

To wace manhaja? Kuskuren da ake yi shi ne a fara da tambayar wacce ta fi suna. Tambayar da ta kamata ita ce, me aikin yake buƙata? Ni dai abubuwa huɗu na gani.

Abu na farko shi ne haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ. A hirar WhatsApp za mu iya yin sakaci da su, mai karatu babba ya gane daga ma'anar jimla. A katin koyar da yaro ba haka ba ne, domin sau da yawa kalma ɗaya ce tal a kan katin. Kura daban, ƙura daban. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Yaron da ya koyi kalma a gurguje daga katin da ƙungiyarmu ta ɗauki nauyi, mu muka karkatar masa da harshe. Yawancin salon haruffa masu ado da matasa ke saukewa daga intanet ba su da waɗannan haruffa. Idan ka rubuta ƙ, ko dai ka ga ɗan akwati a wurinta, ko manhajar ta aro harafin daga wani salon, sai ya fito siriri a tsakiyar masu kauri kamar baƙo a gidan biki. Maganin wannan kyauta ne. Salon haruffa irin su Andika, Charis da Gentium na cibiyar SIL, da dangin Noto na Google, duk suna ɗauke da haruffanmu, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da abin da aka buga da su. Andika ma musamman don masu koyon karatu aka tsara shi. Saboda haka kafin a zaɓi manhaja, a zaɓi salon haruffa, a rubuta jimla mai ɗauke da duka haruffan, manya da ƙanana, a buga a takarda a gani da ido.

Ga mai son sa ajami a katinsa, akwai ƙarin sharaɗi. Ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu, haruffansa kuma suna sarƙe da juna, ba kowace manhaja ce ke iya wannan ba. SIL ta fitar da salon Alkalami, wanda aka tsara bisa rubutun hannu irin na Kano, ga kuma Harmattan. Manhajar Scribus, wadda kyauta ce, tana iya jera rubutun dama zuwa hagu a sababbin fitowarta. Duk wanda ajami ke cikin shirinsa, ya gwada wannan tun ranar farko, kada sai ya gama zane ya tarar haruffa sun wargaje ɗaya bayan ɗaya.

Abu na biyu shi ne yawan gyara, kuma a nan ne wasa ya bambanta da fosta ko katin ɗaurin aure. Fosta shafi ɗaya ce, ka zana ka gama. Wasa kuwa kati 54 ne ko 60 ko 100, siffarsu ɗaya, rubutunsu daban. Kuma babu wasan da yake daidai a zubin farko. Sai yara sun buga shi an ga wane kati ya yi ƙarfi da yawa, wace tambaya ce ba wanda ya gane, wace doka ce ke jawo gardama. Sai a gyara, a sake gwadawa, a sake gyarawa. Wanda ya zana kati 60 ɗaya bayan ɗaya da hannu, idan ya ga rubutun ya yi ƙanƙanta, gyara 60 ke gabansa. Idan mako mai zuwa ya canza shawara, wani 60 ɗin. A haka ne ake gajiya, a ce ai ya yi haka, a kai wa mai bugawa da kurakuransa.

Masu wannan sana'a sun daɗe da warware matsalar. Ana rubuta abin da ke kan kowane kati a jadawali irin na Excel ko Google Sheets, layi ɗaya kati ɗaya: ga suna, ga lamba, ga bayani, ga sunan hoton da za a sa. Sai a zana kati guda ɗaya tak a matsayin uwa, a nuna wa manhaja inda kowane abu zai zauna, ita kuma ta ɗebo daga jadawalin ta haifi sauran. A cikin manhajojin sunan wannan aiki Data Merge. Ka canza girman rubutu a uwar, duka 60 sun canza. Ka gyara kalma a jadawali, katin ya gyaru. Wata fa'idar kuma, malamin Hausa ko dattijon da zai duba mana sahihancin karin magana ba sai ya iya zane ba, jadawalin kawai za a tura masa a waya. Sai dai a kula, wajen ajiye jadawalin a zaɓi tsarin Unicode, in ba haka ba haruffanmu masu lanƙwasa sukan rikiɗe su koma alamar tambaya.

InDesign tana wannan aiki, babu musu. Amma ba ita kaɗai ba. Affinity ma tana yi. Kamfanin Serif na Ingila ne ya yi ta, Canva ta saye kamfanin a 2024, kuma a watan Oktoba na 2025 aka mayar da ita kyauta, sai dai ka buɗe asusun Canva ka sauke. Akwai kuma nanDECK, ƙaramar manhaja ta Windows, kyauta, wadda ba ta da wani aiki sai haɗa katunan wasa daga jadawali. Fuskarta ba ta da kyan gani, kuma tana buƙatar mutum ya koyi rubuta 'yan layukan umarni, amma yaron da ya daure mako guda da ita zai iya fitar da sabon zubin wasansa cikin mintuna.

Abu na uku shi ne mai bugawa. Duk kyan da abu ya yi a fuskar kwamfuta, a Shomolu ko Mushin za a yi masa hukunci. Abin da injin bugu ke so ba ya canzawa. Yana aiki da tawada huɗu, shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, abin da ake kira CMYK, alhali fuskar waya da kwamfuta da haske suke haɗa launi. Shi ya sa koren da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe a takarda. Yana son hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, ba wanda aka kwafo daga Facebook ba. Yana son a bar rarar launi ta milimita 3 a kowane gefe, domin wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi a kowane lokaci, idan babu rarar sai ka ga farin zare a bakin kati. A kati kuwa wannan ba ƙaramin aibi ba ne: idan bayan kati ɗaya ya bambanta da na sauran, yara za su gane shi daga nesa, wasan ya lalace. Girman katin da aka saba kusan milimita 63 ne a faɗi da 88 a tsawo, tara suna shiga takardar A4 ɗaya, wanda ya isa gwaji a shagon kwafi na unguwa.

A nan ne masu cewa a yi amfani da CorelDRAW suke da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare su. Gaskiya ne cewa Corel ce harshen masu bugu a ƙasar nan. Yaron shago ya san ta kamar yunwar cikinsa, kuma abu na farko da zai tambaye ka shi ne fayil ɗin Corel. Tana kuma iya CMYK da rarar gefe, har da nata salon haɗa jadawali. Matsalata da ita biyu ce. Ta farko, mu faɗa wa juna gaskiya, mafi yawan wadda ke yawo a kwamfutocin matasa ba saya aka yi ba. Ƙungiyar da ke wa'azin amana ba za ta gina aikin ilimi a kan haƙƙin wani ba, balle irin waɗannan kwafin sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke iya cinye aikin wata shida a dare ɗaya. Ta biyu, miƙa wa shago buɗaɗɗen fayil yana da haɗari. Fayil ɗin sabuwar fitowa ba ya buɗuwa a tsohuwa. Idan kuma kwamfutar shagon ba ta da salon haruffanka, sai ta musanya da wani, ɗ da ƙ su ɓace ba wanda ya lura, tunda mai aikin wataƙila ba ya jin Hausa. Abin da ya dace a kai shago shi ne PDF da aka kulle haruffa a cikinsa, da rarar gefe da alamun yanka. Corel ɗin shagon tana buɗe PDF. Affinity da Scribus duka suna fitar da irin wannan PDF na bugu. Idan mai shago ya ce sai ya taɓa wani abu, a tsaya a kansa, a nemi ya buga guda ɗaya a duba kafin ya saki inji.

Canva fa? Ba na raina ta. Da ita ake mana sanarwar taro, kuma ta buɗe wa masu waya kaɗai ƙofar zane. Don gwajin farko, ko hoton tallan wasa, ta yi. Amma ta dogara da intanet, ga tsadar data, sannan abubuwan da mai wasa ya fi buƙata, wato haɗa jadawali da fitar da launin bugu, suna ɓangaren masu biya. Ka ga an dawo kan kuɗin wata ɗin da muke gudu.

Wannan ya kawo mu abu na huɗu, wato kuɗi da mallaka. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sababbin fitowar manhajoji irin su InDesign saye ɗaya, ta koma karɓar kuɗin wata ko na shekara. Mu mazauna Legas ba sai an yi mana bayanin haya ba: ranar da ka kasa biya, ranar za a rufe ƙofa. Fayilolinka suna nan a kwamfutarka, amma manhajar da za ka gyara su da ita ta kulle. Kuɗin kuma yana bin dala ne, kowa ya ga abin da ya sami naira tun da aka sake ta a tsakiyar 2023. Asusun ƙungiya daga gudummawar masu faci da masu sayar da gwari da 'yan acaba da direbobi yake taruwa, kuma daga cikinsa ake kai mara lafiya asibiti, ake raka gawa. Ɗora masa nauyin da ke zuwa kowane wata, wanda ba mu san iyakarsa ba, alhali wasan bai sayar da kwali ɗaya ba tukuna, ba hikima ba ce. Ƙirƙirar wasa kuma aiki ne na hutun makaranta da ƙarshen mako. Za a yi wata biyu ba a buɗe manhajar ba, haya kuwa tana tafiya.

Za a ce ai Affinity ma ta kamfani ce, wanda ya ba ka kyauta yau yana iya canza shawara gobe. Haka ne, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa nake nanata jadawali. Idan rubutun wasan yana cikin jadawali, hotuna suna cikin jaka guda da sunayensu, ƙa'idoji suna cikin takarda ta daban, to dukiyar tana hannunka. Kowace manhaja ta juya maka baya, kati ɗaya kawai za ka sake zanawa a wata. Scribus kuwa, wadda ke nan tun 2001, ba ta kowa ba ce, masu sa kai ne ke gina ta a fili, ba wanda zai wayi gari ya rufe ta. Tana da ɗan taurin koyo, amma tana tafiya a tsohuwar kwamfutar da aka sayo a Computer Village ta Ikeja, kuma ta isa tsara littafin ƙa'idoji mai shafi 8 ko 12.

Za a kuma ce InDesign ce kamfanonin ɗab'i ke aiki da ita, wanda ya iya ta zai sami aiki. Wannan ma gaskiya ne. Amma buƙata biyu ce aka haɗa. Koyon sana'ar tsara littattafai don neman aiki daban, fitar da wasa daban. Wanda ya fahimci rarar gefe da launin bugu da tsarin shafi a Affinity ko Scribus, ranar da ya sami wurin aikin da ke biyan InDesign ba zai daɗe ba zai saba, domin ilimin ɗaya ne, wurin maɓallan ne ya bambanta. Ran da wasan ya fara kawo kuɗi, su biya da ribarsu, ba mai hana su.

Saboda haka ga abin da nake ba kwamiti shawara.

Na ɗaya, kada a taɓa kwamfuta sai wasan ya yi daɗi a kan kwalin indomi da aka yanka da almakashi aka rubuta da biro. A kai shi Islamiyya bayan an tashi, a ba yara, masu shi su koma gefe su yi shiru su kalla. Idan yara suka nemi a sake, akwai wasa. Idan suka watse, babu manhajar da za ta cece shi.

Na biyu, a zuba komai a jadawali, a ba malamai biyu da suka san ƙa'idar rubutun Hausa su duba kafin a fara zane.

Na uku, a yi katunan da Affinity ga mai kwamfuta mai ɗan ƙarfi, ko nanDECK ga mai ƙaramar kwamfuta. Littafin ƙa'idoji da duk abin da ya shafi ajami a yi da Scribus.

Na huɗu, hotuna su zama na hannun yaranmu masu zane, ko waɗanda lasisinsu ya halatta. Kada a kwaso daga Google, kada kuma a kwaikwayi suna ko siffar wasan wani kamfani.

Na biyar, kuɗin da aka yi niyyar biyan haya da shi a ware shi don buga kwali goma na gwaji a takarda mai kauri, da ɗan abin hasafi ga mai zane. A nan ne kuɗi zai yi aikin da ido zai gani.

Na shida, a ajiye kwafin jadawali da hotuna da PDF a wuri biyu, ɗaya a hannun masu wasan, ɗaya a ofishin ƙungiya, tare da rubutacciyar yarjejeniya cewa wasan mallakar waɗanda suka ƙirƙire shi ne. Tun ran gini ran zane. Gara a rubuta yanzu da ake dariya, da a zo ana sulhu bayan kuɗi ya shigo.

Ga ƙannenmu masu wannan aiki: kada ku ɗauki wannan a matsayin an hana ku. Abin da kuka fara ya fi abin da da yawa daga cikinmu muka yi a shekarunku, kuma muna alfahari da ku. Ku kawo wasan a kwali a zama na gaba, dattawa su buga da hannunsu, gani ya kori ji. Ga 'yan uwanmu da ke aiki a maɗaba'a ko shagon zane kuwa, ku ne kuka fi mu sanin takarda da farashi da wuƙar da ke yanka daidai. Wanda ya ga inda lissafina bai yi daidai da abin da ke faruwa a shago ba, ya faɗa mana kafin kwamiti ya zauna.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya sa su riƙe harshensu da addininsu a duk inda suka tsinci kansu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya